Daga daɓe ake fara haɗa motar dirif ta rimot

Ƙanena, na karanta tambayarka har ƙarshe. Ka ce ka sayi wata ƙaramar motar rimot da aka rubuta dirif a jikin kwalinta, wato wasan zamiya da mota a karkace, amma duk lokacin da ka ja mata totur sai ta kama juyi kamar katantanwa, ko kuma ta miƙe sai ta daki bango. Yanzu ka tara ɗan kuɗi kana so ka haɗa ta gaske da hannunka, kuma abin da ke ranka shi ne ka sayo inji mai ƙarfi da kayan alminiyam masu launi, ka ɗora mata bodin Nissan Silvia irin wanda ka gani a bidiyo. A ƙarshe ka ce wurin da kake da shi tsakar gida ce mai daɓen siminti, sai falo mai tayil.

Wannan maganar daɓe da ka saƙala a ƙarshe ita ce ta fi tsaya mini a rai, don haka da ita zan fara. Maganar inji ka ajiye ta tukuna, za mu zo kanta can gaba.

Motar dirif ta rimot ba da ƙarfin inji take zamewa ba. Babbar mota sai ta yi da gaske kafin ta ƙwace daga riƙon da tayar danƙo ta yi wa kwalta, shi ya sa kake ganin hayaƙi yana tashi. Ita ƙaramar an raba ta da wannan wahala tun daga taya. Tayarta busasshiyar roba ce mai tauri, dangin wadda ake yin bututun ruwa da ita, in ka ƙwanƙwasa ta a tebur ƙara za ka ji. Waɗanda suka fara wasan ma bututun PVC suke yankawa su zura a kan wili, wasu kuma su naɗe taya da salatif na masu gyaran wuta. Yanzu kamfanoni suna yin tayar musamman, kowane daɓe da tasa. Yokomo suna da DRA ta kwalta da DRC ta kafet. DS Racing suna da jeri daga LF-1 zuwa LF-5, kowace lamba da irin riƙonta. Daɓe mai santsi yana son taya mai ɗan riƙo, daɓe mai kaushi kuma yana son taya mai tauri da sulɓi. Ka sa tayar kafet a kan tayil mai sheƙi, motar za ta yi ta wulwula ƙafa tana tafiyar hawainiya. Ka sa mai riƙo a kan siminti mai kaushi, za ta ƙi zamewa, in ka matsa mata ta fizge ta juyo tana kallonka.

To ka fita tsakar gidan nan ka shafa daɓen da tafin hannunka. In magini ya goge shi da ruwan siminti ya yi sumul, ka yi sa'a, domin siminti mai laushin fuska da tarazo suna cikin wuraren da suka fi daɗin wannan wasa. In kuwa yashi ya fito yana kartar hannu, zai cinye maka taya cikin 'yan kwanaki. Tayil na falo yana da santsi mai kyau, matsalarsa ramukan da ke tsakanin ɗaya da ɗaya. Cikin motar nan milimita 6 zuwa 7 ne kawai tsakaninsa da ƙasa, kuma tayar da ke tafiya a karkace in ta faɗa layin tayil sai ta yi tuntuɓe. Sannan ka auna faɗin wurin. A ganina, in bai kai kamar mita biyar a biyar ba, mota mai girman 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na tsawon motar gaske, za ta takura, gara ka duba ƙanana masu girman 1/24 ko 1/28, dangin Mini-Z na Kyosho, waɗanda falo ya ishe su. Sauran bayanina a kan 1/10 zan yi shi, domin ita ce aka fi samun kayanta, kuma ita ce bodin Silvia da kake so ya fi yawa a kanta.

Yanzu ga dalilin da ya sa wadda ka saya take juyi. Irin waɗannan motoci na kwali, yawancinsu totur ɗinsu kamar makunnin fitila yake: ko a kunne gaba ɗaya, ko a kashe. Sitiyarin ma haka, ko hagu ƙurewa ko dama ƙurewa. Zamiya kuwa a tsakiya take rayuwa, a wurin da yatsanka ya ja kashi ɗaya cikin uku na totur ya riƙe shi a nan, ya ƙara kaɗan, ya rage kaɗan. Motar da ba ta san tsakiya ba, ko gwanin duniya aka ba ta juyi za ta yi masa. Saboda haka kada ka zargi hannunka.

Wasan nan daga Japan ya fito, a hanyoyin tsaunuka masu kwana-kwana. Kunimitsu Takahashi ne ya yi suna da shiga kwana a karkace a tseren motoci na shekarun 1970, sannan Keiichi Tsuchiya ya ɗauki salon ya shahara da shi a cikin Toyota AE86, wadda aka ƙera daga 1983 zuwa 1987. Gasar dirif ta manyan motoci mai suna D1 Grand Prix ta fara kakarta ta farko a 2001, kuma ba da daɗewa ba Yokomo suka fara sayar da ƙananan motoci masu kamannin na gasar. Na kawo maka wannan ne don ka san me ya sa yawancin kayan daga Japan da Taiwan da Hong Kong suke zuwa, kuma komai da milimita ake auna shi.

Motocin farko duk ƙafa huɗu suke ja. Daga baya aka fara sa wa ƙafafun baya giyar da za ta sa su fi na gaba gudu, don bayan motar ya riƙa neman wuce gabanta, direba kuma ya tare shi da sitiyari. Wajen tsakiyar shekarun 2010 sai aka koma mai jan baya kaɗai, kamar babbar motar dirif, kuma Yokomo YD-2 da ta fito a 2016 tana cikin waɗanda suka tabbatar da wannan sauyi. Mai jan ƙafa huɗu, irin Tamiya TT-02D, ta fi sauƙin tuƙi a ranar farko, kuma tana jure wuri mai kaushi. Amma ni mai jan baya zan ce ka saya. Ita ake yayi, ita ake ƙera wa sababbin kaya, kuma abin da ka gani a bidiyo ya burge ka, wato mota tana tafe a hankali a karkace ƙafafun gaba sun juya ƙurewa, ita kaɗai ke yin sa yadda ya kamata.

Shasi, wato ƙashin motar da ake ɗora komai a kansa, wanda ya dace da mai farawa ba ɓoyayye ba ne: jerin RD na Yokomo, ko RMX na MST ta Taiwan, ko RDX na Reve D, ko Sakura D5 na 3Racing in aljihu ba nauyi. Kowanne a cikinsu zai yi maka shekaru. Abin da za ka duba kafin ka zaɓa shi ne wanne ne za ka iya samun kayan gyaransa cikin sauƙi daga inda kake oda, domin hannun ƙafar gaba zai karye wata rana, kuma mota mai tsada da ke jiran ɗan ƙaramin abu wata biyu ba ta da amfani. Ka sayi na roba, mafi araha a jerin. Ka kuma guji na jabu da ake kwaikwayon waɗannan sunaye, ramukan notinsu ba sa zama daidai, kuma kayan asali ba sa shiga jikinsu.

Ka san wani abu tun yanzu don kada ranka ya ɓaci ranar da kwali ya iso. Shasi kawai ke ciki, a warwatse cikin ledoji. Babu rimot, babu inji, babu batir, babu bodi, sau da yawa ko taya da wili babu. Kayan wutar nan in ka haɗa kuɗinsu sukan fi na shasin kansa. MST suna sayar da RMX haɗaɗɗiya da komai nata, kuma hanya ce mai kyau ga wanda yake so ya fara tuƙi a ranar. Kai da ka ce da hannunka kake so, ka sayi ta warwatse. Duk wanda ya taɓa ƙera motar kara ko ta gwangwani yana yaro, ya yanka mata taya daga tsohon silifas, ya san cewa motar da ka haɗa da kanka kana jin ciwonta tun kafin ta faɗa maka.

Wajen haɗawa, ka nemi sukudireba masu baki mai kusurwa shida na milimita 1.5 da 2.0 da 2.5, masu kyau, da abin ɗaure noti na 5.5 da 7.0. Maras kyau zai cinye kan noti ya bar ka da abin da ba ya shiga ba ya fita. Ka buɗe leda ɗaya-ɗaya yadda littafin ya jera su. Notin da ke shiga roba, da zarar ka ji ya zauna ka tsaya, in ka ƙara rabin juyi ka lalata ramin. In za ka mayar da wanda ka taɓa cirewa, ka fara juya shi baya a hankali har ka ji ya faɗa tsohuwar hanyarsa, sannan ka ɗaure. Gam ɗin riƙe noti kuwa inda ƙarfe ya shiga ƙarfe kawai ake ɗiga shi, yana cin roba.

Akwai gwaji guda da nake so kada ka tsallake. Kafin ka ɗaura shokozoba, ka ɗaga kowane hannun ƙafa da yatsa ka sake shi. Dole ya faɗo da nauyin kansa. In ya maƙale, ka kwance ka goge inda yake cijewa har sai ya saki. Haka sitiyari: kafin ka haɗa shi da sarbo, wato na'urar da ke juya shi, ka tura shi hagu da dama, ya tafi ba tare da ka ji wani gargada ba. Motar nan duka nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi ne, tana tafiya a kan taya mai santsi, don haka ɗan cijewar da ba za ka kula da ita a wata mota ba, a nan ita ce za ta sa motar ta yi kyau a kwanar hagu ta ƙi ta dama. Shokozoba huɗun kuma ka cika su da man silikon mai ruwa-ruwa da ya zo a kwalin, ka jira kumfar iska ta gama fita kafin ka rufe, ka tabbatar ta hagu da ta dama tsawonsu ɗaya.

Inda nake so ka zuba kuɗinka shi ne sitiyari, wato sarbo da jairo.

Sarbo shi ne ɗan akwatin da ke juya ƙafafun gaba. Jairo kuma wata 'yar na'ura ce da ba ta kai akwatin ashana ba, tana zaune tsakanin na'urar karɓar saƙon rimot da sarbo. Aikinta ta ji lokacin da motar ta fara juyawa a kan kanta, ta umarci sarbo ya karkata ƙafafun gaba zuwa inda bayan motar yake zamewa. A babbar mota hannun direba da yanayin ƙirar ƙafafun gaba ne ke yin wannan aiki, kuma direban yana jin zamewar a jikinsa. Kai kana tsaye nesa, sai idonka ya gani sannan yatsa ya motsa, kafin nan ƙaramar mota ta riga ta juya. Don haka kada wani ya ce maka sa jairo ha'inci ne. Duk mai jan baya da shi ake tuƙa ta, har a manyan gasa. Sai dai jairo yana aika umarni sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma in sarbo ba shi da saurin bi, ko ba ya komawa tsakiya daidai, duk aikin ya rushe. Ka nemi sarbon da aka yi don dirif, gajere, wanda ke juya digiri 60 a ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. RS-ST na Reve D da jerin SP na Yokomo sanannu ne. A jairo kuma akwai DP-302 V4 na Yokomo da GYD550 na Futaba.

Ni kaina a nan na fara yin asara. Motata ta farko mai jan baya na sa mata wani sarbo mai araha, na yi makonni ina canza sifirin da mai da tsawon sanduna, ina neman dalilin da ya sa take karkata gefe ɗaya bayan kowace kwana. Ranar da na ari sarbo mai kyau na ɗaura, matsalar ta ɓace ba tare da na taɓa komai ba. Wancan ba ya dawowa tsakiya a wuri ɗaya sau biyu. Araha ba ta ado, kuma a wannan gurbi ta fi ko'ina cutarwa.

In ka ɗaura jairo, ka manna shi a kwance daram da salatif mai gam biyu, nesa da zafin inji. Ka kunna motar tana ajiye ba motsi na 'yan daƙiƙu don ya gane tsakiyarsa. Sannan ka ɗaga ta ka karkata hancinta hagu da sauri: ƙafafun gaba su juya dama. In suka bi hancin, an juya saitin, ka sauya shi, in ba haka ba jairon da kansa zai riƙa taya motar juyi. Ka saita masa iyakar hagu da dama don kada ya riƙa tura sarbo fiye da inda ƙarfen sitiyari ya tsaya. Ƙarfinsa kuma daga rimot ake ƙara shi ko a rage, shi ya sa kake buƙatar rimot na 2.4GHz mai tasha uku ko fiye. Flysky da Radiolink suna da masu sauƙin kuɗi da za su ishe ka, Futaba da Sanwa su ne na manya. Ka fara da ƙarfi mai yawa. In ka ga ƙafafun gaba suna karkarwa motar tana kaɗa kai, ya yi yawa, ka rage kaɗan-kaɗan har karkarwar ta tsaya. In tana juyewa da zarar ka taɓa totur, ya yi kaɗan.

Saitin tsayuwar tayoyi teku ne, amma ga abin da zai ishe ka shiga. In ka kalli motar dirif daga gaba za ka ga kawunan tayoyin gaba sun kwanta ciki sosai, digiri 6 zuwa 10. Wannan shi ake kira kamba, kuma dalilinsa shi ne in sitiyari ya juya ƙurewa, tayar da ke jan gaba ta zauna daidai a ƙasa. Na baya kuwa digiri 1 zuwa 3 ya isa, domin su ke tura motar. Akwai kuma bambancin juyawa tsakanin tayar gaba ta hagu da ta dama, wanda ake kira Akaman. A motar gida tayar cikin kwana ta fi ta waje juyawa. A dirif ana rage wannan bambanci har su kusa tafiya a jere, don kada ɗaya ta riƙa jan ƙasa tana rage wa gaban motar gudu. Nauyi kuma baya ake tura shi, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, saboda tayoyin baya su samu abin da zai danna su. Shawarata ita ce ka haɗa motar daidai da lambobin da ke cikin littafinta, ka tuƙa ta haka har cajin batir ashirin ko talatin. Bayan nan in za ka canza, abu ɗaya za ka canza, ka rubuta a ɗan littafi abin da ka taɓa da abin da ka ji. Wanda ya juya abu uku lokaci ɗaya, ko motar ta gyaru bai san wanne ya gyara ta ba.

To ga maganar inji. Mai lambar girma 540 ake sawa, maras burushi, wato wanda ake rubuta wa brushless, mai firikwensin a ciki. Firikwensin ɗin ne ke gaya wa na'urar sarrafa wuta, wato ESC, inda cikin injin yake a kowane lokaci, shi ya sa yake tashi a hankali sumul. Maras shi yakan yi shaƙuwa a ƙaramin gudu, kuma ƙaramin gudu nan ne gidan dirif. Lambar da za ka gani, 10.5T ko 13.5T, adadin naɗin waya ce, kuma ƙaramar lamba ta fi gudu. A wuri irin naka 13.5T ya fi, don ya fi biyayya ga yatsa. Wayoyi ukun nan A da B da C kowace ta tafi gidanta, kada ka sauya su a inji mai firikwensin. XD10 Pro na Hobbywing sanannen ESC ne na dirif, amma ko mai sauƙin kuɗi in dai yana karɓar firikwensin zai yi. Abin da ake kira turbo a cikin saitinsa ka bar shi a kashe, zafi kawai zai ƙara maka yanzu.

Lissafin giya ba wuya. Ka raba haƙoran babbar giya da na ƙaramar da ke kan inji, ka ninka da lambar akwatin giyar shasinka. Misali 84 a raba da 20 ya ba da 4.2, in lambar akwatin 2.6 ce, ka samu 10.92, wato inji zai juya kusan sau 11 kafin taya ta juya sau ɗaya. In kana so motar ta ƙara laushi, ka rage haƙoran ƙaramar. Wajen haɗa giyoyin biyu ka saka siririyar takarda a tsakaninsu, ka matse, ka ɗaure, ka zare takardar. Bayan minti biyar na tuƙi ka taɓa injin. In ba za ka iya riƙe yatsa a kansa na daƙiƙa uku ba, ya yi zafi. Kada ya wuce digiri 70, domin zafi yana kashe ƙarfin maganaɗisun da ke cikinsa, kuma ba ya dawowa.

Batir kuwa ina roƙonka ka ɗauke shi da gaske, don shi kaɗai ne a cikin kayan nan zai iya ƙona ɗaki. LiPo ne mai sel biyu, bolt 7.4, in ya cika 8.4. Kowane sel kada ya wuce 4.2, kada kuma ya sauka ƙasa da 3.0, don haka ka saita ESC ya yanke wuta tun a wajen 3.3. Ka sayi cajar da ke daidaita sel biyun, ka yi caji daidai da girman batirin: mai 4000mAh a ba shi amfiya 4. In ba za ka yi wasa ba na kwanaki, ka ajiye shi a 3.8 kowane sel, cajar tana da wannan saiti. Kada ka yi caji a kan katifa ko kafet, kada ka jona ka fita, kada ka jona ka kwanta. Ni a cikin tukunyar ƙasa nake sa nawa, a kan siminti, da yashi a kusa. A zafin bazara irin namu da ke haura digiri 40, batirin da aka bari a cikin mota a rana zai kumbura, kuma wanda ya kumbura ya gama aiki. Wani abin sauƙi shi ne yawancin cajojin nan suna karɓar wutar bolt 12, don haka batirin mota ko na sola zai yi maka caji ko babu wutar gari. Ƙurar hunturu kuma abokiyar gabar boris ce: ka share filin kafin ka fara, ka goge motar da burushi in ka gama, ka riƙa juya kowace taya da yatsa kana saurare ko akwai ƙarar yashi.

Koyon tuƙin da gorar ruwa ɗaya ake fara shi. Ka ajiye ta a tsakiya, ka zagaya ta hancin motar yana kallonta, ba tare da motar ta juye ko ta miƙe ba. Za ka gane da kanka cewa totur ne ke faɗaɗa da'irar ko ya matse ta, sitiyari taimako kawai yake yi. In ka iya zagaye goma ta hagu, ka koma ta dama, wadda za ta fi ba ka wuya. Sannan ka ƙara gora ta biyu ka riƙa zana lamba 8 a tsakaninsu. Wurin sauya ɓangare ka ɗan saki totur, bayan motar zai dawo da kansa ya wuce ɗaya gefen, sai ka tare shi da totur a hankali. A gasa ana duba layin da ka bi, da girman karkatarka, da gudu, da kyan salon, kuma ƙololuwar abin ita ce motoci biyu su jera ƙofa da ƙofa, wanda Japanawa ke kira tsuiso. In ka samu aboki ɗaya da zai sayi tasa, ku yi amfani da taya iri ɗaya, in ba haka ba gudunku ba zai taɓa daidaita ba.

Alminiyam ɗin da kake sha'awa yana da wurinsa, amma ƙarami ne. Roba in ta daki bango takan lanƙwasa ta dawo, ko ta karye ka canza da kuɗi kaɗan. Alminiyam in ya lanƙwashe a haka zai zauna, ido ba zai gani ba, motar kuwa ta daina tafiya daidai. Inda ya cancanci kuɗinsa shi ne hannayen sitiyari, don yana rage lako-lako, sai shokozoba, sai mazaunin inji don yana jan zafi. Sauran ka bari sai ranar da za ka iya faɗin abin da kake so wani ƙarfe ya canza a tafiyar motar.

Bodin Silvia kuwa zaɓi ne mai kyau, musamman S15 da Nissan suka ƙera daga 1999 zuwa 2002. Pandora RC da Tamiya da Yokomo da ABC Hobby duk suna yin bodin motocin Japan. Yana zuwa ne garau kamar gilashi, na wata roba mai suna polikabonet, kuma daga ciki ake fentinsa, shi ya sa ƙyallinsa ba ya gogewa. Tun yana garau ka ɗora shi a kan shasi ka yi alamar inda tayoyi da sandunan riƙo suke, don bayan fenti ba za ka ga ciki ba. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya wajen milimita 257 ne a yawancinsu, ka tabbatar ya yi daidai da naka. Ka yanka da almakashi mai lanƙwasa, ka goge bakin da samfefa, ka wanke ciki da sabulun wanke-wanke ya bushe sarai, ka manne tagogi da takardun da suka zo da shi. Fentin dole ya zama na polikabonet, irin jerin PS na Tamiya. Jerin TS na busasshiyar roba ne, haka fentin gwangwani na kasuwa, duka za su ɓare a karon farko. Ka fesa siriri-siriri sau uku ko huɗu a inuwa inda ba ƙura, launi mai duhu kafin mai haske, sannan ka rufe bayansa da fari ko ruwan azurfa don launin ya fito. Ledar da ke manne a waje sai ka gama komai za ka ɓare ta, kafin sitika.

Abin da ke sa mota ta yi kama da ta gaske shi ne zaman taya a bakin bodi. Kowane wili yana da lambar da ke nuna yadda ya turo waje, kamar +5 ko +7, a milimita. Ka auna faɗin bodinka da na shasinka kafin ka yi oda, kuma ka juya sitiyari ƙurewa ka ga ko tayar gaba tana taɓa bodi, don ko gogar gashi ce za ta sa motar ta juye. In ba ka son huda bodi, akwai mariƙai na maganaɗisu. Fitilun LED, da madubai, da bututun hayaƙi, da fiffiken baya duk ana samu, kuma suna da daɗin haɗawa da dare in an gama aikin yini. Ka ƙarfafa cikin bamba da salatif mai zare da gam mai laushi irin Shoe Goo.

Sai dai Silvia ɗin nan da za ka ɓata mako kana yi wa ado, kada ka ɗora ta a watan farko. Ka sayi wani bodi mai araha, ka fesa masa launi ɗaya, shi zai sha bangon tsakar gida yayin da kake zagaya gorarka. In ka auna wurin naka ka shafa daɓen, ka rubuto mini faɗinsa da yadda ka ji shi a hannu, sai in gaya maka tayar da za ka fara oda.